Sana'a, Samu da Talauci a Ƙasar Damagaram: Darasi Domin Nazari

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa zai duba halin da mutanen ƙasar Damagaram suke ciki ta fuskar aikin yi, da abin da suke samu, da kuma talaucin da ya dabaibaye da yawa daga cikinsu. Dalilin ɗauko wannan magana kuwa shi ne, sau da yawa idan aka zauna ana zancen talauci, sai ka ji wani ya ce lalaci ne, wani ya ce laifin gwamnati ne, wani kuma ya ce ƙaddara ce, daga nan sai a watse ba a ƙaru da kome ba. Alhali kuwa mai magani ba ya ba da magani sai ya san ciwon. Saboda haka za mu bi al'amarin daki-daki: mu san wane ne matalauci, mu waiwayi yadda arzikin ƙasar ya kasance a da, mu ga yadda ake samu a yau, sa'an nan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu.

Wane ne Matalauci?

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun rarrabe tsakanin faƙiri da miskini. Faƙiri shi ne wanda ya mallaki wani abu, amma abin ba zai ishe shi abincin shekararsa ba. Miskini kuwa shi ne wanda bai mallaki kome ba, don haka halinsa ya fi tsanani. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ma'auni na shekara da kyau, domin shi ne mabuɗin fahimtar talaucin manomi. Mutum yana iya kasancewa da gona, da rumbu, da 'yan awaki, amma idan hatsin da ya noma zai ƙare tun kafin damina ta faɗi, to faƙiri ne, ko da maƙwabtansa suna ganinsa da rufin asiri.

Su kuma ma'aikatan ƙididdiga na gwamnati suna da nasu ma'aunin. A binciken da aka gudanar kan rayuwar iyalai a Nijar a shekarar 2018 zuwa 2019, an ɗauki wanda abin da yake kashewa bai kai wajen jika 182 ta kuɗin sefa a shekara ba a matsayin matalauci. Idan aka raba wannan kuɗi ga kwanakin shekara, sai a ga wajen dala ɗari ne a yini, wato sefa 500. Binciken ya nuna cewa kashi 40.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su kai wannan matsayi ba, kuma jihohin Dosso, Damagaram da Maraɗi su ne kan gaba a talauci, har adadinsu ya kusanci rabin jama'arsu. Idan aka tuna cewa ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a jihar Damagaram, wato ta fi kowace jiha yawan jama'a a lokacin, za a gane cewa maganar miliyoyin rayuka ake yi.

Waiwaye: Ginshiƙai Uku da Suka Faɗi

Damagaram ba ta tashi a matsayin ƙasar talauci ba. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, birnin Zinder ya zama babbar matattarar fatake. Ayarin raƙuma yana tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Gat da Azbin ya sauka a Zango, daga nan ya wuce Kano ko Borno. Abzinawa suna kawo gishirin Bilma da dabino su koma da gero. Fatu da aka jeme da gashin jimina suna tafiya arewa. Majema, dukawa, maƙera, marina da magina duk suna da kasuwa, har ma maƙeran sarki suna zuba bindigogin igwa a cikin gari. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi suna tun daga Zango har bakin tekun arewa. Gaskiya kuma ta wajabta a faɗa cewa wani ɓangare na wannan dukiya an tara shi ne ta hanyar cinikin bayi da gumin bayi, don haka ba kowa ne ya ɗanɗani daɗin wancan zamani ba.

Ginshiƙi na farko, wato fataucin Sahara, ya fara girgiza bayan Faransawa sun ci garin a 1899. A 1911 titin jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Kayan da raƙumi yake ɗauka wata da watanni sai ga shi jirgi yana kai shi cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan. Daga nan Zinder ta tashi daga tsakiyar hanya ta koma gefen hanya.

Ginshiƙi na biyu shi ne mulki. Daga 1911 Zinder ce hedkwatar yankin da Faransawa suke kira Nijar, amma a 1926 aka mayar da hedkwata Yamai, kusan kilomita 900 yamma. Ofisoshi, albashin ma'aikata da ayyukan gine-gine duk suka bi ta. Ƙarancin ruwa na daga cikin dalilan da aka kawo a lokacin, kuma wannan matsala ta daɗe tana hana masana'antu zama a garin, tana kuma cin wani kaso na kuɗin talaka a hannun 'yan garuwa.

Ginshiƙi na uku ita ce gyaɗa. Daga bayan yaƙin duniya na biyu har farkon shekarun 1970, ƙasashen Magarya da Matamai sun zama zuciyar noman gyaɗa, wadda ita ce kan gaba a kayan da Nijar take fitarwa waje kafin ma'adinin yuraniyom ya karɓe matsayin. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin sayenta. Da kuɗin gyaɗa manomi yake biyan haraji, ya yi tufafi, ya aurar da ɗiyarsa. Sai farin 1973 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ƙasa kuma ta gaji. Kafin jama'a su farfaɗo sai ga yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutane suka laƙaba wa sunan 'Yar Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Wake ya maye gurbin gyaɗa a gonaki da yawa, amma tsarin saye da masana'antun matsar mai ba su koma yadda suke ba. Haka nan faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta tsawwala tsadar magani, taki da kayan gyara da ake shigowa da su.

Yadda Ake Samu a Yau

Wajen mutum takwas cikin goma na masu aiki a Nijar noma da kiwo ne abin dogaronsu, kuma Damagaram ba ta fita daga wannan ba. Ruwan sama kuwa wata uku ne zuwa huɗu. Ma'anar wannan ita ce, gumin wata huɗu ne ake son ya ciyar da iyali wata goma sha biyu. A nan ne tushen matsalar yake, kuma yana da rassa uku.

Reshe na farko shi ne ƙanƙancewar gona. Jama'ar Nijar suna ƙaruwa da wajen kashi 3.9 cikin ɗari a shekara bisa ƙidayar 2012, wato sukan ninka cikin ƙasa da shekara ashirin. A kudancin jihar, wajen Kance, Matamai, Magarya da Mirya, inda ruwa ya fi sauka, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma suke rabawa. Babu sauran saura, ƙasa ba ta hutawa, taki kuma ya fi ƙarfin talaka. A arewa kuma, wajen Damargu da Gure, akwai faɗin ƙasa amma ruwa ba shi da tabbas.

Reshe na biyu shi ne juyin farashi tsakanin kaka da bazara. Bari mu buga misali. Magidanci mai iyali takwas ya sami buhu goma na gero. Mutum guda yana bukatar fiye da buhu biyu a shekara, ke nan tun ranar da aka gama sussuka akwai giɓin buhu shida ko fiye. Duk da haka dole ya sayar da wani abu da kaka, lokacin da tiya take da arha, domin biyan bashi, da magani, da suna, da tufafin yara. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi geron da ya sayar, a hannun wanda ya saya ya ɓoye, da farashin da ya ɗara na kaka nesa. Idan babu kuɗi sai ya ci falle, wato ya karɓi dami guda ya biya biyu da kaka, ko ya tafi barema a gonar wani a daidai kwanakin da tasa gonar take bukatar noma. Ciyawa ta ci tasa, amfanin baɗi ya ragu, bashi ya ƙaru. Haka talauci yake haifar talauci. A 2005 da kuma 2010, lokacin da aka yi matsananciyar ƙarancin abinci a wannan yanki, akwai hatsi a kasuwanni da yawa, kuɗin sayensa ne babu a hannun jama'a.

Reshe na uku shi ne zaman rani ba aiki. Waɗanda Allah Ya hore wa fadama, kamar mutanen kwarin Korama, Gidimuni da lambunan Mirya, suna noman rake, kabeji, albasa da tumatir, kuma ana ganin bambanci a gidajensu. Sauran kuwa sai ci-rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, ko wuraren haƙar zinari a arewa. Kuɗin da 'yan ci-rani suke aikowa shi ne yake riƙe da gidaje masu yawa, amma idan tafiya ta ƙi, mata da yara su ne suke kwana da yunwa.

A cikin birni kuma, aikin albashi kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan mutane suna ci ne daga ƙananan sana'o'i: tebur a kasuwar Dole, kabu-kabu, ga-ruwa, dako, gini, ɗinki, dukanci, sayar da mai a kwalba, da sana'o'in mata na cikin gida kamar ƙuli-ƙuli, fura da ƙosai. Ko wanda ya sami aikin albashi ma bai tsira ba. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke ya tsaya a kan jika 30 da 'yan kai tun 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. To, idan kowane mutum yana bukatar dala ɗari a yini, gidan mutum bakwai yana bukatar jika 105 a wata. Mai karatu ya auna da kansa.

An sa rai ƙwarai da matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamban 2011, wajen kilomita 50 arewa da Zinder, wadda take iya tace ganga 20,000 a yini daga man Agadem. Babu shakka ta amfani ƙasa, amma matata aikin injuna ne da ƙwararru, ba za ta iya ɗaukar dubban samarin da suke isa aiki kowace shekara ba. Haka nan jami'ar da aka kafa a garin a 2010 tana yaye ɗalibai, guraben aiki kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Wannan ne ya sa ake ganin samari suna yini a fada ana dafa shayi, wasu kuma suka faɗa ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021. Wanda ya zauna da waɗannan yara zai tarar da yawansu aikin yi suke nema, kuma suna son a ɗauke su a matsayin mutane.

Har ila yau, kasuwar Damagaram a ɗaure take da ta Nijeriya. Dabbobi suna tafiya Maigatari, wake da riɗi suna tafiya Dawanau a Kano, kayan masarufi kuma suna shigowa daga can. Idan naira ta faɗi, kuɗin saniya da na wake sun faɗi ke nan a hannun Badamagare. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, sun nuna yadda hukuncin da aka yanke a nesa yake shiga tukunyar talaka.

Inda Talauci Yake Kai Mutane

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito, za su tafi neman abinci ta hanyar aikatau da bara. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga mayar da dubban 'yan Nijar gida, da yawansu daga wannan yanki. Ya kamata kowane mai hali a cikinmu ya tambayi kansa: mace da ta goya ɗanta ta shiga Sahara, me ta bari a gida da ya fi mata Sahara tsanani? Zargin ta da kwaɗayi abu ne mai sauƙi. Amma ba a hana mutum hanya sai an nuna masa wata.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Akwai abin da yake aikin hukuma ne, kamar ruwa, hanyoyi, makarantun koyon sana'a da asibiti, kuma haƙƙin jama'a ne su nema ta hanyar da ta dace. Amma akwai abin da yake hannunmu, ga kaɗan daga ciki.

Na farko, zakka. Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, faƙirai da miskinai ne a farkonsu. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 650, ko buhu shida da rabi na kilo ɗari. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya cikin ashirin. Gero, dawa, wake da riɗi duk suna ciki. Awaki da tumaki nisabinsu 40, shanu 30, raƙuma 5, kuɗi da kayan ciniki kuwa ɗaya cikin arba'in idan sun kai nisabi shekara ta zagayo. Hukunci biyu ne muke yawan mantawa. Ɗaya, asali shi ne a raba zakka a inda ta wajaba, don haka attajirin birni mai gona a ƙauye ya fara da talakawan ƙauyen. Biyu, malamai sun halatta a ba faƙiri abin da zai ishe shi shekara. Ke nan maimakon a tara mutum ɗari a ƙofar gida a ba kowa tiya guda, ya fi amfani a zaɓi gidaje kaɗan a ba su abin da zai kai su kaka ba tare da falle ba, ko abin da zai zama jari.

Na biyu, rance ba ruwa da rumbun jama'a. Dami guda a biya biyu riba ce tsagwaronta, ko da an canza mata suna. Amma haramta ta a kan mumbari bai wadatar ba idan mabukaci ba shi da wata ƙofa. Kowane masallacin Juma'a yana iya kafa bankin cimaka: a tara hatsi da kaka, a ranta wa mabukata da bazara, su mayar da daidai abin da suka karɓa, a kuma rubuta kome a gaban shaidu. Waɗannan rumbuna sukan mutu ne saboda rashin rubutu da jin nauyin tambayar bashi, don haka a damƙa su ga masu amana da za su karanta lissafi a bainar jama'a.

Na uku, tallafa wa sana'ar mata. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen waje, ya kuma nuna cewa 'yan kuɗin da mata suke tarawa mako-mako suna iya zama jari. Abin da ake bukata daga malamai shi ne su taimaka a tsara shi yadda ba zai shiga riba ba. Haka nan al'adar habbanaye ta Fulani, inda ake ba mutum aron akuya ko saniya ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, abin koyi ce.

Na huɗu, raya ƙasa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon tumɓukewa. Masana sun kiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, kuma gawon da ya rufe gonakin Magarya, Matamai da Mirya shaida ne. Gawo yana zubar da ganye da damina ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Wannan aiki talakawa ne suka yi shi da hannunsu, kuma ya isa ya rufe bakin mai cewa lalaci ne ciwon mutanenmu.

Na biyar, haƙƙin ma'aikaci da tarbiyyar yaro. Wanda ya ɗauki lebura, ko yaron shago, ko 'yar aiki, ya yanke lada tun farko, ya biya a kan lokaci. Wanda kuma ya kai ɗansa makarantar allo ya sani ciyar da yaron yana wuyansa, kuma ya kamata a haɗa wa almajiri karatu da sana'a, kamar yadda malaman da suke noma, suke ɗinki, suke fatauci.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Mene ne bambancin faƙiri da miskini, kuma me ya sa ma'aunin shekara ya dace da halin manomi?
2. Waɗanne ginshiƙai uku ne arzikin Damagaram ya dogara a kansu a da, kuma me ya kayar da kowanne?
3. Manomin da ya sami buhu goma na geron damina, nawa zai fitar, kuma ko ya halatta shi ma a ba shi zakka idan abin da ya rage ba zai kai iyalinsa shekara ba?
4. Gida nawa ne a unguwarku hatsinsu yake ƙarewa kafin damina, kuma wa ya san su?

Muna fatan kowane reshe zai zauna a kan tambaya ta huɗu kafin kaka mai zuwa, ya rubuta sunayen gidajen a asirce, ya kuma san abin da zai yi musu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya rufa asirin magidanta, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman abinci, Ya sa mu dace duniya da lahira. Amin.